Hitar da Take Kashe Batir: Tarihin Ɗumi a Motocin Tafi-da-Gidanka na Amurka

Da zarar watan Nuwamba ya kama a Amurka, ƙorafi ɗaya ne ke cika kunnen duk mai gyaran motocin tafi-da-gidanka. An kwanta da batir cike, an kunna hita, kafin asuba komai ya mutu. Fitila ba ta kamawa, famfon ruwa ya yi shiru, ɗaki ya yi sanyi ƙarara, tukunyar gas kuwa tana nan da nauyinta. Mai mota zai rantse maka cewa akwai wata waya da ke sace masa wuta. Wani lokaci yana da gaskiya. Amma sau da yawa babu abin da ya lalace. Gado ya ci, gadon wata shawara da masu ƙera motocin suka yanke tun shekarun 1960 da 1970, wadda har yau take aiki a cikin bangon motarsa.

A wani gareji a Kano na koyi gyaran wutar mota, inda zafi ne abokin gabar batir: ruwansa ya ƙafe, a ƙara masa. Rabo ya kai ni jihar Indiyana, na daɗe ina jan waya a cikin bangon irin waɗannan motoci a wata masana'anta a yankin Elkhart, daga baya na koma gyara da kaina, ina bin masu su duk inda suka yada zango. Ga wanda bai taɓa gani ba, gida ne sukutum a kan taya, da gado da kicin da bayi da firiji da tankin ruwa. Wani, wato tirela, janyo shi ake yi da mota, wani injinsa na jikinsa, wani kuma akwati ne da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura. Miliyoyin iyalai a ƙasar sun mallake shi, wasu don hutu, wasu kuwa ba su da wani gidan sai shi.

Waɗanda suka fara wannan al'ada ba su san matsalar ba, don ba su da hita, wasu motocinsu ma ko batir ba su da shi, da hannu ake murɗa inji ya tashi. A 1910 kamfanin Pierce-Arrow ya nuna wata mota a New York mai kujerar da ke komawa gado, har da wurin wanke hannu, amma ta attajirai ce. Talaka tanti yake ɗaura wa Ford Model T ɗinsa ya kama hanya. A 1919, a wani fili da ake kira De Soto Park a birnin Tampa, irin waɗannan matafiya suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists, mutanen da aka sani da ɗumama abincin gwangwani a bakin titi. Tampa a jihar Fulorida take, kuma da hunturu suke taruwa. Wato maganin sanyi na farko a wannan al'ada shi ne a bar masa gari.

Ɗaki mai bango ya zo ne wajen 1929, lokacin da Arthur Sherman na Detroit, wanda aka ce ruwan sama ya yi masa duka yana kokawa da tanti, ya sa aka ƙera masa akwatin katako a kan taya. Ya nuna shi a bajekolin motoci na Detroit a 1930, ya kafa kamfanin Covered Wagon. A Kalifoniya Wally Byam ya kafa Airstream, mai jikin alminiyum. A Elkhart kuma Wilbur Schult da wasu irinsa suka fara ƙera nasu a cikin shekarun 1930, har garin ya zama cibiyar sana'ar, inda yau ake yin mafi yawan waɗannan motoci a Amurka. Sai dai shekarun 1930 shekarun karyewar arziki ne, daga nan kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya biyo baya. Abin da aka ƙera don yawon shaƙatawa sai ya zama matsuguni. Gwamnati ta sayi dubban tireloli ta zuba ma'aikatan masana'antun makamai a ciki, a jihohin da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Wanda ke aiki a Mishigan ba shi da halin gudu Fulorida. Dole a sami wuta a cikin ɗaki, aka sa murhun kananzir da na mai, wasu har da na itace ko gawayin ƙasa. Akwatin katako mai faɗin ƙafa bakwai ko takwas, da labule da katifa, ga wuta tana ci a tsakiya: ba sai an gaya wa mai karatu yadda wasu dararen suka ƙare ba.

Iskar gas ce ta sauya lissafin. A 1910 wani masanin sinadarai mai suna Walter Snelling, ma'aikacin hukumar ma'adinai ta Amurka, yana binciken abin da ke sa fetur ƙafewa, ya ware iskar da ake kira furofen. Kyawunta shi ne ana matse ta ta zama ruwa a cikin tukunyar ƙarfe, kuma tana komawa iska da kanta har a cikin tsananin sanyi, don sai an kai digiri 42 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas take ƙin tashi. Bayan yaƙi tukwane biyu a gaban tirela suka zama abin da kowa ya saba gani. Da su ake girki, da su ake kunna fitila mai lagwani, daga baya har firiji.

Hitar gas ta wancan zamani ita ce na fi so a duk tarihin nan, kuma duk lokacin da tsohuwar tirela ta shekarun 1960 ta faɗo hannuna sai na ɓata lokaci ina kallonta. Akwatin ƙarfe ne a jikin bango, kusa da ƙasa. Wutar tana ci a cikin rufaffen ɗaki na ƙarfe, tana jan iskarta daga waje, tana fitar da hayaƙinta waje. Iskar ɗaki mai sanyi tana shiga ta ƙasa, ta gogi ƙarfen mai zafi, ta fita ta sama da kanta, don iska mai zafi ba ta da nauyi. Babu fanka, babu waya ko ɗaya da ta je wurin batir. Akwai wata 'yar wuta da ke ci dare da rana, wadda ake kunnawa da ashana. A cikin harshenta aka kafa wani tsinke na ƙarafa biyu mabambanta da aka haɗa bakinsu. Tun 1821 Thomas Seebeck na Jamus ya gano cewa in aka gasa mahaɗar irin waɗannan ƙarafa, suna haifar da lantarki ɗan mitsitsi. A nan bai wuce kashi 30 cikin 1,000 na bolt ɗaya ba, amma ya isa ya riƙe wani ɗan maganaɗisu da ke barin ƙofar gas a buɗe. In iska ta hure 'yar wutar, tsinken ya huce, maganaɗisun ya saki, gas ya tsaya. Wutar ce ke samar da lantarkin da ke gadinta. Mutum zai yi sati a daji, in dai da gas a tukunya, da ɗumi a ɗaki.

Ba na cewa ba ta da aibu. Kai yana gumi ƙafa tana daskarewa. Ƙarfen gabanta yana ƙona hannun yaro. Ba ta iya kai ɗumi ɗakin kwana na can baya, balle ƙarƙashin daɓe inda bututun ruwa ke fashewa in ya daskare. Iska mai ƙarfi kuma tana kashe 'yar wutar da tsakar dare, maigida ya tashi ya durƙusa da ashana yana rawar ɗari. Muddin tirela ɗaki ɗaya ce, ana haƙuri. Amma tirela ba ta tsaya a ɗaki ɗaya ba.

A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, mil 41,000. A daidai wannan tsakanin motocin Amurka suka tashi daga batir mai bolt 6 zuwa mai bolt 12. A 1962 Dave Drum ya buɗe zangon KOA na farko a Billings, jihar Montana, don matafiyan da ke wucewa zuwa bajekolin duniya na Seattle, daga nan irin waɗannan zanguna na kuɗi suka bazu ko'ina. A 1966 Winnebago ta garin Forest City a Iowa ta fitar da motar gida mai injin kanta a farashin da ma'aikaci zai iya ciyo bashi ya saya. Motoci suka yi tsawo, aka raba su ɗaki-ɗaki, aka sa wurin wanka. Irin wannan gida sai da hita mai fanka, wadda ke tura ɗumi ta bututu zuwa kowane lungu. Kamfanoni irin su Suburban na Dayton a Tenesi, da Duo-Therm na Indiyana, da Hydro Flame na Yuta suka cika kasuwa da ita. Daga baya aka cire 'yar wutar nan mai ashana, aka maye gurbinta da tartsatsin lantarki da wani ƙaramin allo mai sarrafa aikin.

Masu ƙerawa ba su yi wauta ba. Sun ƙera ne don mutumin da suka sani, wanda zai tuƙa da rana, ya shiga zango da yamma, ya biya kuɗi, ya jona igiyarsa a turken lantarki mai bolt 120. A cikin motar akwai na'urar da ke mayar da wannan wuta bolt 12, ta ciyar da fanka, ta kuma yi cajin batir. A wannan tsari batir ɗan rakiya ne kawai, aikinsa ya riƙe fitila tsakanin zango da zango, shi ya sa guda ɗaya ake sa masa, mafi araha. Ni ma na ɗaura irinsa ba adadi. Yawancin waɗanda muke aiki tare a layi ɗaya mutanen Amish ne, waɗanda ba su yarda da jawo wutar gwamnati cikin gidajensu ba. Su zo tun duhun asuba, wasu a kan keke, su wuni suna haɗa wa wasu gidan da komai nasa sai da lantarki, su koma gida su hura murhu. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi kukan mutuwar batir ba.

Yadda hitar zamani ke aiki shi ne mabuɗin duk gyaranta, don haka a yi haƙuri da ni a nan. Tamostat ɗin da ke bango ya ji sanyi, sai ya haɗa wayoyi biyu. Fanka ta tashi, amma wuta ba ta kama tukuna. Ɗan injin lantarki ɗaya, da muke kira mota, shi ke juya farfela biyu, ɗaya tana hura wa wutar iska daga waje, ɗaya tana zagaya iskar ɗaki. Sai ta yi 'yan daƙiƙu tana kore duk wani gas da ya maƙale. A kan hanyar iskar akwai wani siririn harshen ƙarfe da ke manne da makunni. In iskar ta yi ƙarfin da za ta ture shi, makunnin ya rufe, allo ya sami izini, ya buɗe ƙofar gas, ya yi tartsatsi, ka ji ƙas-ƙas-ƙas, sai wuta ta kama. Akwai wani makunnin kuma da ke yanke gas in ƙarfe ya yi zafi fiye da kima. In ɗaki ya yi ɗumi gas ya tsaya, fanka ta ci gaba na ɗan lokaci har ƙarfen ya huce. Kowane mataki a nan lantarki yake ci, kuma fankar ce mai babban ciki. Ƙaramar hita tana jan amfa 3 ko kusa da haka, babba mai ƙarfin ɗumama BTU 30,000 zuwa sama tana jan 7, wata har ta haura 10.

Shi kuwa batir, tsohon abu ne da bai sauya hali ba. Gaston Planté na Faransa ya ƙirƙiro batir na dalma da asid a 1859, kuma wanda ke cikin akwatin roba a gaban tirela jikansa ne kai tsaye. Wanda aka fi sa wa yana da amfa-awa kamar 80, wato a takarda zai ba da amfa 4 na tsawon awa 20. Amma in ana son ya yi rai, ba a shan fiye da rabinsa, saura 40 ke nan. Tun 1897 Wilhelm Peukert ya nuna cewa in aka ja wuta da sauri, abin da batir zai bayar yana raguwa. Sanyi ma yana cin rabonsa, don a daren da ruwa ke daskarewa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ya tafi. To a yi lissafi. Dare mai awa 10, hita tana aiki rabinsa, awa 5 sau amfa 7, an sha 35. Ba a sa fitila ba, ba a sa famfo ba, ba a sa cajin wayar hannu ba. Tukunyar gas mai kilo 9 kuwa za ta riƙe wannan hitar tana ci ba tsayawa wajen awa 14. Gas ya ninka batir juriya fiye da sau biyu, shi ya sa mai mota yake girgiza tukunya ya ji ta da nauyi ya rasa gane abin da ya faru.

Mafi muni shi ne abin da ke biyo baya. Batir ya yi ƙasa, ya kusanci bolt 10 da rabi, fanka ta rage gudu, iskarta ta kasa ture harshen ƙarfen nan. Allo ya hana gas, kuma daidai ya yi, don wuta ba isasshiyar iska guba ce. Amma tamostat yana nan yana neman ɗumi. A tsofaffin hitoci da yawa babu abin da ke gaya wa fanka ta tsaya, sai ta kwana tana hura iska mai sanyi har ta tsotse batir tas. Haka ma in gas ya ƙare: allo ya gwada tartsatsi, wani sau ɗaya wani sau uku, ya haƙura ya kulle, fanka kuwa ta ci gaba. Sababbin alluna sun gyara wannan, suna kashe ta, amma tsofaffin suna nan birjik a kan hanya. Batir da aka tsotse haka ruwansa ya kusa komawa ruwa zalla, yana iya daskarewa ya fasa kaskonsa.

Duk wannan da ya zauna a ɓoye da mutane sun tsaya a zangunan kuɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wurin da miyar ta ƙare shi ne hamadar Arizona. Akwai wani ɗan gari can, Quartzsite, wanda mazaunansa na dindindin ba su kai 4,000 ba, amma da hunturu dubban ɗaruruwan mutane ke ratsa shi. A maƙabartar garin akwai kabari mai siffar dala da raƙumin ƙarfe a kansa. Na Haji Ali ne, wani mai kiwon raƙuma daga ƙasashen Daular Usmaniyya, wanda sojan Amurka suka kawo a 1856 lokacin da suka gwada amfani da raƙuma a hamada. Gwajin ya watse, shi ya zauna, ya rasu a nan a 1902. Duk lokacin da na shiga garin nakan tsaya na yi masa addu'a. Kasuwar duwatsu masu daraja da aka fara a 1967 ce ta soma jawo masu tireloli. A 1983 hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta ware wurare kamar La Posa, inda mutum zai biya kuɗi kaɗan ya zauna daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. A wasu filayen kuma kyauta ne har kwana 14. Babu turken lantarki ko ɗaya. Rana tana da daɗi, amma daren Janairu a hamada yakan sauka har kusa da daskarewa. Hitar da aka ƙera don turke sai ga ta a hannun batir ɗaya.

Da farko 'yan fansho ne masu gudun ƙanƙara. Bayan rushewar tattalin arziki na 2008 sai wasu irin mutane suka ƙaru, waɗanda banki ya ƙwace wa gida, da waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu. Elkhart ma ta sha wuya a lokacin, rashin aikin yi ya kusa kashi 20 cikin 100, har Shugaba Obama ya je garin a Fabrairun 2009. Guguwar ce ta fitar da ni daga masana'anta ta sa ni a hanya da akwatin kayan aiki. Jessica Bruder ta rubuta labarin waɗannan mutane a littafinta Nomadland a 2017, fim ɗin da aka yi da shi ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Ga irinsu batir ba abin wasa ba ne, kuɗin abincin sati biyu ne ko fiye.

In aka kira ni, abin da nake son rabewa ɗaya ne. Randa ta ƙafe da safe: yoyo take yi, ko mutanen gida ne suka sha, ko kuwa tun farko ba a cika ta ba? Da na ƙarshen nake farawa. Batir da ya huta, cikakke yana nuna bolt 12.6 ko 12.7, a 12.1 ya kai rabi. Amma wanda ya tsufa yakan nuna lamba mai kyau, ka ɗora masa nauyi ya zube nan take, don haka sai an gwada shi fanka tana gudu. Sannan in duba ko ana cajinsa ma. Na'urar caji tana da fiyus da ke ƙonewa in an taɓa juya kan batir, ko da na ƙiftawar ido ne. Mutum ya kwana a jone, fitilunsa suna ci, ya ɗauka ya cika, alhali ko ɗigo bai shiga ba.

Daga nan sai neman yoyo. A kashe komai, a cire wayar ƙasa daga kan batir, a sa mita tsakaninta da kan batir ɗin a ma'aunin amfa 10. Kada a kunna hita mita tana haka, babbar fanka tana iya ƙona fiyus ɗin mitar. Don auna fanka akwai mita mai baki da ke cafke waya. Ba za a ga sifili ba. Na'urar jin ƙanshin gas tana ci dare da rana, haka mai jin gubar hayaƙi, da allon firiji, da agogon rediyo, da ƙaramin akwatin eriya da kowa ke mantawa a kunne. In suka haɗu suka kai rabin amfa, a wuni guda sun sha amfa-awa 12, cikin sati sun kashe batir ko da ba a taɓa hita ba. Sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita. Inda lamba ta faɗi, nan ɓarawon yake.

In ta faɗi a fiyus ɗin hita, kada a yi saurin yanke wa hita hukunci. Na yi aikin layi, na san yadda ake yi: waya tana wucewa kusa, lokaci yana ƙurewa, sai a ɗora mata wani abu, takardar da ke jikin akwatin fiyus kuwa ba ta faɗa ba. Na sha tarar da fitilar ma'ajiyar kaya a kan layin hita, tana ci a rufe ba wanda ya gani. Na tarar da faifan ɗumama tankin ruwa, wanda shi kaɗai yana jan amfa da yawa. In babu irin wannan, sai a cire wayoyin tamostat. In yoyo ya tsaya, to ko shi ne, ko wayarsa ce ƙusa ta huda a cikin bango, ko ɓera ya ci rigarta har biyun suna taɓa juna, hita tana tashi da kanta ba kowa a ɗaki. In bai tsaya ba, a zare filogin allo. Rile, ƙaramin makunnin da ke tayar da fanka, in bakinsa ya manne yakan bar ta tana gudu, allon da laima ta shiga kuma yakan riƙa shan wuta a ɓoye.

Akwai kuma hitar da ba ta yoyo, ci ne ya yi mata yawa. Motar fanka da ta bushe tana kuka tana jan fiye da abin da aka rubuta a jikinta. Darduma a kan ramin fitar ɗumi, ko bututu da kaya suka danne, suna sa ƙarfe ya yi zafi, gas ya riƙa yankewa yana dawowa, fanka ba ta hutawa, ɗaki bai ɗumama ba. Zanzaro yana son bututun hayaƙi, ya gina gidansa na laka da rani, da hunturu iska ta rasa hanya. Tsatsa a inda wayar ƙasa ta kama jikin mota tana cinye bolt guda kafin wuta ta isa fanka. Wanda kuma ya bar tirela jone da motar da ke janta, in babu abin da ke raba batir biyun, da safe har motar ba za ta tashi ba.

Wata dattijuwa a La Posa, ita kaɗai da karenta mai yawan gashi, ta kira ni bayan ta sayi sabon batir shi ma ya mutu a dare ɗaya. Ta ce, "Ɗana, in hitar ce ka faɗa mini gaskiya, ba ni da kuɗin wata." Na ce, "Mama, bari mu buɗe tukuna." Gashin kare ne ya dunƙule a kan harshen ƙarfen ya hana shi motsi. Fanka tana tashi, wuta ba ta kamawa, ita kuwa tana cikin bargo tana jin ƙara ta ɗauka ɗumi na tafe. Da burushin haƙori na gyara. Tsohon batir ɗin da ta bayar a shago, ina kyautata zaton lafiyarsa ƙalau.

Mutanen hamada sun nemi mafita ta hanyoyi da dama, kuma abin dariya shi ne da yawansu baya suka koma. Suna sayen 'yar hitar gas marar fanka, wadda ba ta cin lantarki ko kaɗan. Sai dai ba kamar ta shekarun 1960 ba, wannan a cikin ɗaki take shaƙa, a ciki take fitarwa. Tana jiƙa bango da raɓa, in kuma an rufe taga ruf tana iya kisa, irin kisan da kaskon gawayi ke yi a rufaffen ɗaki da hunturu a gida, ko janareta da aka shigar cikin shago. Turawan Jamus sun bi wata hanya. Kamfanin Truma, wanda Philipp Kreis ya kafa a Munik a 1949, ya daɗe yana yin hitar da ke ɗumama ɗaki ko da an kashe fankarta. Hitar dizal irin ta Webasto da Eberspächer, wadda direbobin manyan motoci suka saba da ita, tana jan wuta da yawa a 'yan mintunan tashi, daga nan ta koma shan kaɗan.

Sauran sauƙin daga ɓangaren batir ya zo. Tsohon ƙwan fitila ɗaya yana jan kusan amfa ɗaya da rabi, na LED bai kai kashi ɗaya cikin biyar na haka ba. Farantin sola ya yi araha, rufin motoci ya cika da shi, ko da yake ranar Disamba gajera ce kuma a karkace take. Batir na litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet, wanda ya samo asali daga binciken John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Texas a shekarun 1990, yana ba da kusan duk abin da ke cikinsa, kuma ƙarfinsa ba ya zubewa a hankali, don haka fanka tana gudu sosai har ƙarshe. Nasa sharaɗin shi ne ba a cajinsa in sanyi ya kai na daskarewa, sai an ajiye shi a cikin ɗaki ko an sa masa abin ɗumama kansa. Hitar ita kanta kuwa, in ka buɗe sabuwa ka ajiye kusa da ta shekaru 40 da suka wuce, mota ɗaya ce da farfela biyu da harshen ƙarfe. Har yau kuma akan fitar da tirela daga wurin dillali da batir ɗaya.

Abu biyu nake roƙon duk wanda wannan sana'a ko wannan rayuwa ta kai shi. Kada a ɗaure harshen ƙarfen nan da waya don a tilasta wa wuta kamawa da raunanan batir, kuma kada a zare fiyus ɗin na'urar jin gas ko ta gubar hayaƙi a motar da mutane ke kwana ciki don a tsimi rabin amfa. In ajiye motar za a yi, a sa makunni a kan batir a yanke komai gaba ɗaya. Wanda kuma batir ɗinsa ya mutu da asuba, ya fara sayen mita ya auna kafin ya sayi wani batir. Kuɗinta bai kai kwata na kuɗin batir ba.